Idan ƙarfi ya zo ɗaya, me ya sa motar ba ta tsaya ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce a aji biyu na babbar sakandare. An koya mana cewa motar da take tafiya a miƙaƙƙen titi da gudu ɗaya, ba ƙari ba ragi, duk ƙarfin da ke kanta ya yi daidai, in an haɗa sifili ne. Na faɗa wa yayana wanda direba ne, sai ya tuntsire da dariya, ya ce in sifili ne me yake ƙona mai a kai, kuma me ya sa da ya ɗage ƙafa daga totur motar take rage gudu har ta tsaya? Na rasa abin da zan ce masa.

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yata. Kada ki ji haushin dariyar yayanki. Abin da ya gani da idonsa gaskiya ne, dalilin da ya jingina masa ne ya kauce. Ba kuma shi kaɗai ba ne. Aristotal, babban masanin Girka, haka ya koyar, cewa abu ba ya ci gaba da tafiya sai da mai turinsa, aka kuma yi kusan shekara 2,000 mafi yawan masu ilimi suna kan wannan.

Bari mu fara gyara kalma ɗaya, don ita take fara rikita ɗalibai. Mu Hausawa ƙarfi muke ce wa abubuwa da yawa: ƙarfin ɗan dambe, ƙarfin inji, ƙarfin wutar lantarki, har ƙarfin hali. A fiziks kuwa, in an ce ƙarfi, turi ko ja ake nufi, shi ke nan. Kowane ɗaya yana da girma, yana da inda ya nufa, kuma dole akwai wani abu da yake yin sa a kan wani abu. Ana auna shi da niyuton. In kika ɗora sabulu mai giram 100 a tafin hannunki, dannawar da kike ji kusan niyuton 1 ce. Buhun siminti mai kilo 50 kuwa, ƙasa tana jan sa da kusan niyuton 490.

Da wuya ki sami abu a duniyar nan da ƙarfi ɗaya tak ke aiki a kansa. Kullum ana ja-in-ja: wannan na turi gaba, wancan na ja baya, ƙasa na ja ƙasa, daɓe na tokarewa sama. Abin da ya rage bayan an haɗa masu fuska ɗaya an ɗebe masu adawa da su, shi nake kira ragowar ƙarfi. In ba abin da ya rage, an yi kunnen doki.

Ga misalin da nake so ki riƙe, ki kuma kai wa yayanki. Mai shago ya buɗe da jarin naira dubu 500. Yau abin da ya shigo masa dubu 40, abin da ya fita dubu 40. Ribarsa sifili. Shin jarinsa ya zama sifili? A'a, dubu 500 ɗinsa na nan daram, ba su ƙaru ba, ba su ragu ba. Shin bai yi wahalar kasuwa ba? Ya sha ta. To gudun mota shi ne jari, ragowar ƙarfi kuma ita ce riba ko faɗuwa. In ragowar ta nufi gaba, gudu ya ƙaru. In ta nufi baya, gudu ya ragu. In sifili ce, gudu ya zauna yadda yake: in da ma a tsaye abin yake, ya ci gaba da tsayuwa, in yana kilomita 80 a awa, ya ci gaba da 80. Kuskuren da kusan kowa yake yi shi ne ɗaukar sifilin riba a matsayin sifilin jari.

Mu bar mota tukuna, mu je wajen mai kurar ruwa, don shi komai nasa a fili yake. A ce ya loda jarkoki 12 masu cin lita 25. Litar ruwa kilo 1 ce, ruwan ya zama kilo 300, kurar da jarkokin mu ba su kilo 50, duka 350. Ki lura da shi lokacin da zai tashi daga bakin famfo: yakan sunkuya, ya dafe ƙarfen da hannu biyu, ya kafa yatsun ƙafa a ƙasa, jijiyar wuya ta tashi. Da kurar ta kama hanya sai ki ga ya ɗan miƙe, har yana iya gaisawa da mutane. A ce gogayyar tayu da ƙasa da ta gindin taya tana riƙe kurar baya da niyuton 70, shi kuma yana turi da 105. Ragowa 35 ce, ta nufi gaba. Ƙa'idar ita ce ki raba ragowar ƙarfi da yawan kilo, ki sami ƙarin gudu, abin da littafinku ya rubuta F = ma, inda F ita ce ragowar ƙarfi, m yawan kilo, a kuma ƙarin gudu. In kika raba 35 da 350 kin sami 0.1, wato kowace daƙiƙa gudun kurar na ƙaruwa da mita 0.1 a daƙiƙa. Bayan daƙiƙa 10 tana tafiyar mita 1 a daƙiƙa, tafiyar mutum a natse.

Nan ne inda maganar take. Ba ya son ta fi haka gudu, sai ya sassauta turi ya dawo 70. Yanzu 70 gaba, 70 baya, ragowa sifili. Kurar ba ta tsaya ba. Tana nan tana mita 1 a daƙiƙa, shi kuma yana nan yana gumi, amma guminsa duk biyan bashin gogayya yake yi, ba ya ƙara wa jari komai. In kuma ya saki hannu gaba ɗaya, gogayya ta rage ita kaɗai, ragowa ta zama 70 baya, gudu na raguwa da 0.2 kowace daƙiƙa, cikin daƙiƙa 5 kurar ta tsaya bayan ta ci mita biyu da rabi. Ba rashin turi ne ya tsayar da ita ba, gogayya ce ta tsayar da ita. Bambancin kamar ƙarami ne a baki, amma duk darasin a kansa yake.

Haka motar yayanki take. Turin da yake samu daga man da yake ƙonawa a miƙaƙƙen titi, yana tafiya da 80 ba canji, duk wajen biyan masu ja baya yake tafiya: murzar taya da kwalta, gogayyar ƙarafan cikin mota, da turjiyar iska. Ita iskar ma ba ƙaramar abokiyar gaba ba ce, duk wanda ya taɓa fitar da hannu ta tagar mota ya san haka. Turjiyarta ba ta tafiya kafaɗa da kafaɗa da gudu, tsalle take yi: in ka ninka gudu sau biyu, daga 60 zuwa 120, turjiyar iska takan ninka kusan sau huɗu. Shi ya sa kowace mota take da iyakar gudu ko an take totur har ƙasa. Tana ta ƙara gudu, iska na ta ƙara turjiya, har su zo kunnen doki, daga nan allurar da ke nuna gudu ta tsaya wuri ɗaya. Da direba ya ɗage ƙafa kuwa, ya janye nasa ne ya bar masu ja baya su kaɗai a fili, har injin ma ya shiga sahunsu in motar na cikin giya.

Abin da ya sa wannan yake da wuyar karɓa shi ne ba mu taɓa rayuwa inda babu gogayya ba. Komai muka tura tsayawa yake yi, sai muka ɗauka tsayawa ita ce ɗabi'ar abubuwa. Amma tun ƙarni na 11 Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya yi shakkar wannan a littafinsa Ash-Shifa. Ya ce abin da aka jefa yana ɗauke da wani karkata da majefin ya ba shi, kuma wannan karkata ba ya ƙarewa don kansa, abubuwan waje irin su iska ne suke cinye shi. Daga baya Galileo a Italiya ya yi ta gangarar da ƙwallaye a kan katako, ya lura cewa iya santsin hanya iya nisan da ƙwallon zai ci, ya kai ga cewa da za a sami shimfiɗa marar gogayya, ƙwallon ba shi da dalilin tsayawa. Isaac Newton na Ingila ya zo ya tsara abin ya zama dokoki uku a littafin da ya fitar a 1687. Yau muna da shaida a sararin samaniya: kumbon Voyager 1 da Amurka ta harba a 1977 har yanzu yana nausawa da gudun kusan kilomita 17 a daƙiƙa, ba injin da ke tura shi gaba. Ba iska, ba kwalta, ɗan jan da rana take yi masa daga nesa ne kawai ke rage shi kaɗan-kaɗan.

Akwai misali a tsakar gida da na fi so a kan na kumbo, don kina iya gwada shi da hannunki. Guga cike da ruwa, a ce kilo 10, ƙasa na jan sa da niyuton 98. In kika riƙe igiya gugan na rataye a tsakiyar rijiya bai motsi, igiyar na ja da 98. Kowa ya yarda da wannan. To in kina jawo shi sama a hankali, gudu ɗaya ba fizga, nawa igiyar take ja? Duk ajin da na yi wa wannan tambaya sai a ce mini ta fi 98. Ba ta fi ba, 98 ce. In kina zura shi ƙasa da gudu ɗaya fa? Nan ma 98. Wuri biyu kawai lissafin yake canzawa. Lokacin fara ja, dole ki ɗara 98 na ɗan ƙiftawar ido don gugan ya tashi daga tsayuwa ya sami gudu. Lokacin da ya iso baki za ki tsayar da shi, jan naki yakan gaza 98 kaɗan. Shi ya sa tsohuwar igiya ta fi tsinkewa wajen fizgar farko. In kin sami sikelin rataye irin na masu sayar da kaya, ki rataya jarka a jiki ki ɗaga: allurar za ta zabura lokacin tashi, ta dawo inda take muddin hannunki na tafiya daidai, ta ɗan sauka lokacin tsayawa. Idan aka rufe miki ido aka ce ki faɗi ko gugan hawa yake ko sauka ko tsaye, daga jan igiya kawai, ba za ki iya ba. A wajen fiziks tsayuwa da tafiya da gudu ɗaya a miƙe 'yan uwa ɗaya uba ɗaya ne.

Na abin da ke tsaye ba sai mun daɗe a kai ba. Mai talla ɗauke da faranti a kan gammo, ƙasa na jan farantin, kanta na tokare shi da daidai wannan. Abu ɗaya kawai zan ƙara: gogayyar abin da ke tsaye mai wayo ce. Ki tura buhun masara da ke ƙasa da niyuton 50, ta mayar miki da 50. Ki ƙara zuwa 200, ta mayar da 200. Haka za ta yi ta bin ki har ki wuce iyakarta, sannan buhun ya goce. Da ya fara jan ciki kuma gogayyar takan ɗan ragu, shi ya sa farawa ta fi ci gaba wuya.

Yanzu ga inda masu jarrabawa suke kama ɗalibai, kuma ki lura malaminku ya ce miƙaƙƙen titi, ba don ado ya faɗa ba. Motar da take zagaya shataletale allurarta na kan 30 ba motsi, ƙarfin da ke kanta bai yi kunnen doki ba. Canjin tafiya iri uku ne: ƙara gudu, rage gudu, da sauya fuska. Kowanne sai da ragowar ƙarfi. A shataletale ragowar tana nufar tsakiyar da'ira, kuma kamun taya da kwalta ne yake bayar da ita. Ranar da aka zubar da baƙin mai ko yashi ya rufe kwanar, kamun ya tafi, motar ba ta bin sitiyari, sai ta miƙe sak inda ta fuskanta ta hau dakali. Yaran da ke korar tsuntsaye a gona da majajjawa sun san wannan a hannu ko da ba su san shi a takarda ba. Muddin dutsen na cikin majajjawa, igiya ce take tanƙwaro shi zuwa hannu. Da an saki, ba ya ci gaba da kewaya, ficewa yake yi ta fuskar da yake kallo a daidai lokacin sakin. Gwanintar mai majajjawa duk a sanin wannan lokacin take.

Wannan kuma ya kawo mu maganar birki, wadda nake so yayanki ya ji da kunnen basira. In ya taka birki da ƙarfi fasinjoji suka yi gaba, sai a ce birki ya wurga su. Ba abin da ya wurga su. Motar ce aka tsayar, su ba a tsayar da su ba, jikinsu ya ci gaba da gudun da yake yi har sai ya sami abin da zai tare shi, ko bel, ko bayan kujera, ko gilashi. Mu yi lissafin uwa da ta rungume yaro mai kilo 10 a gidan gaba. Mota na kilomita 50 a awa, wato kusan mita 14 a daƙiƙa, ta yi karo ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Kafin yaron ya tsaya tare da motar sai an riƙe shi da niyuton 1,400, kusan nauyin buhu 3 na siminti, kuma a fizge, ba shiri. Ba hannun uwar da zai iya wannan, komai sonta da ɗanta. Ni dai duk lokacin da na ga an ɗora yaro a cinya a gaban mota, wannan lissafin ne yake faɗo mini.

Saura tarko ɗaya, wanda na fi ganin yana kayar da masu ƙoƙari. Za a koya muku doka ta uku ta Newton, cewa in abu ya tura wani, wancan ma yana tura shi da daidai wannan ƙarfi ta kishiyar fuska. Sai ɗalibi ya ce to ai komai kunnen doki ne ke nan, in jaki ya ja amalanke amalanken ma ya ja jaki daidai wa daida, yaya za a yi su motsa? Amsar ita ce jan biyu ba a kan abu ɗaya suke ba. Ɗaya a kan amalanke yake, ɗaya a kan jaki. Ba a haɗa kuɗin shagon wani da na maƙwabcinsa a ce an fitar da riba. In amalanke kike lissafi, ki duba abin da ake yi wa amalanke kawai: jaki na jan sa gaba, gogayya na riƙe shi baya. In jaki kike lissafi, amalanke na jan sa baya, ƙasa na tura shi gaba saboda yana tokarinta baya da kofato. Haka ma mota: inji taya yake juyawa, taya ta kankari titi baya, titi ya tura motar gaba. Wanda ya taɓa kafewa a laka da damina ya ga shaida, inji na kuka, taya na wulwulawa, mota ko gezau, don ƙasar ta ƙi mayar da turi. Gogayyar da muka yi ta zargi tun ɗazu, ashe ba don ita ba ko daga gareji ba za a fita ba.

Saboda haka in tambaya ta zo miki a WAEC ko NECO, kafin ki taɓa lissafi ki zana abin da ake magana a kansa shi kaɗai, ki sa kibiya ga kowane turi da ja da ake yi masa, ki rubuta wanda yake yi a gefen kowace kibiya. Kibiyar da kika rasa mai yin ta, ki goge ta, ba ta nan. Da yawa sukan zana wa ƙwallon da aka buga kibiyar gaba yana cikin iska, alhali ƙafar ta rabu da shi tun tuni, abin da ya rage masa jan ƙasa ne da turjiyar iska. Sannan ki nemi kalmomin da ke tona asiri. In an ce abu na tsaye, ko yana tafiya a miƙe da gudu ɗaya, an riga an gaya miki ragowa sifili ce, sai ki daidaita kibiyoyi ki fitar da wadda aka ɓoye.

Ruwan sama ma wannan hukuncin yake bi. Da babu iska, ɗigon da ya faɗo daga girgije mai nisan kilomita 2 zai iso ƙasa da gudun kusan kilomita 700 a awa. Amma yana faɗowa turjiyar iska na ƙaruwa, cikin 'yan daƙiƙu ta kamo nauyinsa, daga nan ya ci gaba da sauka da gudu ɗaya, manyan ɗigo wajen kilomita 30 a awa. Ɗigon da ya sauka a kan lemarki ragowar ƙarfin da ke kansa sifili ce tun yana can sama, kuma bai tsaya a sama ba.

Shi kuma yayanki, tunda direba ne, da mota za ki kama shi. Ki ce ya tuna kwalbar ruwa da aka ajiye a kwance a ƙasan mota. Lokacin da ya tashi daga tasha takan gangara baya. In ya taka birki ta gangaro gaba, in ya sha kwanar dama ta yi hagu. Amma in ya hau miƙaƙƙen titi mai laushi ya daidaita ƙafa a kan 100, sai ta kwanta lumus kamar a ɗaki aka ajiye ta, ga shi kuwa tana cin kusan mita 28 kowace daƙiƙa tare da motar. Ki tambaye shi, a wannan lokacin wa yake tura kwalbar?